Turminki Ya Dawo Mini da Zali

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, makwancinki a yalwace. Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau muke, jikokinki sun girma, ruwa ya sauka, gero har ya fara rufe ƙasa. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, kuma ko da kina raye sai an karanta miki. Zan sa ta a shafina na intanet, masu leƙe su leƙa. Amma da ke nake magana, don albishir ne da ni, tun da hantsi yake cin raina, na rasa wanda zan faɗa wa ya gane shi kamar ke.

Ba zan faɗe shi yanzu ba. Ke ma haka kike yi mana in kin dawo daga kasuwa da labari, sai kin zauna, kin sha ruwa, kin ja mana rai.

Shekara shida ke nan da kika tafi, har yau ina nan a kolej ina koyar da ilimin jikin mutum da na tsirrai. Ƴan ajin ƙarshe ne a hannuna, masu shirin jarrabawar fita. A gabana Madam Rabi suke ce mini, a bayan idona kuwa Madam Silans, don wai kalmar da na fi faɗa ke nan, wato a yi shiru. Na sani sarai, ban taɓa nuna musu ba. A ajina ba a kaɗa tebur, ba a fito, ba a waƙa. Kin san dalili, ko da ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Ranar da na ci jarrabawar shiga kolej kika zo bakin lakkol, makarantarmu ta boko, da zanenki na daka, kika buɗe murya kina yi mini kirari gaban kowa. Ƴan matan gari suka yi ta ƙyalƙyala dariya, suna cewa ga ɗiyar mai waƙar turmi. Da muka koma gida na ce miki ki daina, kina ba ni kunya. Ba ki yi faɗa ba. Kika ce, "To, ɗiyar lakkol, na ji." Daga ranar, in na shigo gida kina cikin waƙa sai ki haɗiye ta, taɓarya kawai ke magana. Ni ma na rufe nawa bakin, ban sake rera ko baiti ɗaya ba.

To bana Allah ya jefo mini Zali a aji. Zalihatu sunanta, ɗiyar Fulani ce, rugarsu na can bayan Kiyeshe, tana zaune wurin wata gwaggonta a nan gari don karatu. Siririya, ga ido kamar na ɗan maraƙi, ga kai. Sai dai faransanci na ba ta wahala, bara ta faɗi jarrabawar, bana ce damarta ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa, ko ta ƙi zama, karatu ya ƙare ke nan. Yarinyar nan, Inna, komai ta ji sai ta mai da shi waƙa. Wata rana ita da ƙawayenta biyu suka tare ni a bakin aji, suna ta murɗa gefen hijabi, wai sun yi wani abu a kan darasin zuciya, suna so in saurara. Ko tsayawa ban yi ba. Na ce musu nan lakkol ne, ba dandali ba.

Bayan kamar sati uku na hau kabu-kabu zan je kasuwa. Mai babur ya saki kiɗa a salularsa, wata waƙar soyayya da ke tashe bana, wadda ko ka toshe kunne sai ta same ka, a gidan biki, a wurin mai shayi, ko'ina. Na ɓata rai ina shirin ce masa ya rage. Sai na ji kiɗan dai shi ne, amma muryar ba ta mai waƙar ba ce, kalmomin kuma sun canza:

Zuciyata ba taka ba ce, famfo ce,
Ɗaki huɗu gare ta, babu naka ciki.

Inna, dariya ta ƙwace mini a kan babur, har na kusa sakin jakata! Muryar Zali ce. Sun ɗauki waƙar da saurayi ke kuka wai an sace masa zuciya, sun mai da ita darasina. Mai babur ya waigo ya ce, "Madam, wai da gaske ne ɗaki huɗu? Ni da na zaci dunƙule guda ce kamar goriba." Mutumin da bai taɓa zama a benci ba, ga shi yana tambayata ɗakunan zuciya a tsakiyar titi. Shekara goma sha ina fama da alli, ban taɓa kai darasi har nan ba. Ya ce ai akwai wasu, akwai ta ƙwallon fura da ke tafiya daga baki har hanji tana gaida kowa a hanya, akwai ta sauro. Ya ce har Dumega ya kai fasinja ya tarar yara na rawarta.

Ban gama jin daɗi ba baiti na gaba ya shigo:

Hagu ke aika wa huhu ya sha iska,
Dama ke raba wa jiki.

Nan na ji kuskure. Na ce ya maido ta baya. Ya maido. Haka dai take.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, ke da kin sha gyara zuciyar rago ranar layya. Kin tuna in kin tsaga ta, gefe ɗaya ya fi kauri? Wannan mai kaurin shi ne na hagu, shi ke tura jini ga jiki duka, daga kai har ɗan yatsan ƙafa, shi ya sa ya fi ƙarfi. Na dama kuwa aikinsa ya karɓi jinin da ya gaji ya miƙa shi huhu ya sha iska. Zali ta juya su. Kuma ba a baki kawai ba, har rawa suka yi mata, a buga kafaɗar hagu a nuna ƙirji, a buga ta dama a shafa jiki.

Washegari na ba ajin ƴar tambaya a rubuce don in ga iyakar ɓarnar. Ina tsaye ina kallon leɓunansu na motsi, ƙafafu na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Na karɓi takardu, kusan duk aji sun rubuta kuskuren nan, har waɗanda a da suka san daidai. Waƙa ta cinye littafi. Ga jarrabawa saura wata guda.

A nan ne na yi abin da ba zan ɓoye miki ba. Na ta da Zali tsaye gaban aji. Na ce ta koya wa gari guda ƙarya. Na ce wadda ba ta san damarta da hagunta ba, me ya kai ta koyar da mutane? Na ce in waƙa take so, ga gidajen biki nan, ta bar wa masu karatu benci. Ta sunkuyar da kai har aka buga ƙararrawa. Washegari wurinta babu kowa. Jibi ma haka. Gwaggonta ta ce ta ɗaure kayanta ta koma ruga.

Magana zarar bunu ce, Inna. Na hau babur na bi ta har can. Mahaifinta ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono mai sanyi, ya saurare ni har na gama ban haƙuri. Sa'an nan ya ce, "Madam, ba mu riƙe ki da komai ba. Amma yarinya ta ji kunya gaban tsaranta, ba za ta iya haɗa ido da su ba. Ni kuma ba zan ja ta da igiya ba." Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce da zarar ruwan shuka ya sauka za su kaɗa shanu su yi arewa, su bar wa manoma gonakinsu, in tana nan da ita za a tafi. Na hango gefen zanenta a bayan bukka, amma ta ƙi fitowa.

Ranar Asabar na tafi gida Kore Mairuwa, don na rasa inda zan kai kaina. Kin san wa na tarar zaune a gindin darbejiyarki? Kumbo! Kumbonki Bahillata mai nono, ta tsufa, haƙora sun zube, amma bakin nan yana nan yadda kika bar shi. Tana ganina ta ce, "A'a, ga baiwata ta zo gaida uwargijiyarta. Mi ya sami ɗiyar Arawa take tafiya kamar kazar da ruwa ya doka?" Na zauna na zayyana mata komai. Ta yi ta dariya har da tari. Ta ce, "Wauta dai gadonku ce, ku Arawa. Yo wa ya taɓa kashe waƙa da tsawa? Uwarki in na yi mata waƙa, sanda take ɗaukowa? Amsa mini take yi, ni kuma in kwana ban yi barci ba sai na samo abin da zan mayar mata."

Sai duk ya dawo mini. Kumbo ta sauke ƙwaryar nono, ta ɗauki taɓarya ta biyu, ku tsaya fuska da fuska a kan turmi ɗaya kuna lugude. Ke ki ce Fulani ba su san gero ba sai a cikin fura, ita ta ce Arawa ba su san saniya ba sai a cikin miya. Mata su taru a kan katanga suna guɗa. Ba wadda ke fushi, don wasan taubasai ne tsakaninmu Arawa da Fulani tun kaka da kakanni, kuma wadda aka jefa wa baiti ba ta da ikon yin shiru, sai ta rama.

Wani abu kuma ya faɗo mini, wanda ya sa na miƙe tsaye ban sani ba. Ranar da kika fara sa ni daka da ke, ina ƴar shekara tara, taɓaryata ta yi ta karo da taki, har ta kusa fasa mini goshi. Kika tsaya kika riƙe hannuna kika ce, "Rabi, wadda ke gabanki ba bayanta kike bi ba, kallonki take. Damarta na hagunki. In ba ki riƙe wannan ba, ba ki daka da kowa."

Inna! Zanen zuciyar da nake yi a allo, ai mutum ne da ke kallon aji. Damarsa na hagun mai kallo. Ni na san haka tun ina makarantar malamai, har na manta cewa abu ne da ake faɗa wa mutum. Shekara da shekaru ina zana shi, in ɗan sa haruffan faransanci a gefe, in wuce. Zali ta dubi zane, ta dubi hannayenta, ta yi abin da duk mai ido zai yi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata.

Na ce wa Kumbo to ita ta yi waƙar, in ɗauka a salula. Ta harare ni. Ta ce, "Ni na kore ta? Bahillata ba ta amsa wa Bahillata. Ɗiyar Arawa za ta tsokane ta, sa'an nan dole ta fito." Na ce ni ban iya ba, rabona da waƙa tun ina yarinya. Ta ce, "Ɗauko turmin uwarki."

Yana nan a ɗakin ajiya, Inna, da ɗan tsagin nan na gefe da kika ɗaure da fata. Na wanke shi, muka zuba gero. Na jingina salula a jikin ƙwarya. Kumbo ta kama taɓarya ɗaya da hannuwan nan nata kamar busasshen kara, na kama ɗaya. Bugu na farko muka yi karo, ta ce mini sakarya. Na biyu ya zauna. Na uku kafaɗuna suka tuna da kansu. Na buɗe baki, wallahi ban san daga inda ta fito ba:

Zali ɗiyar Fulani mai ɗaki huɗu,
Kin gina gida kin juya ƙofa.
Kina kiwon shanu ba su ɓace miki,
Hannu biyu sun gagare ki kiwo!
Zanen allo mutum ne, kallonki yake,
Damarsa na hagunki, ɗiyata.
Dama ke aika wa huhu,
Hagu ke raba wa jiki.
In kin isa ki fito ki amsa,
Ko Arawa sun cinye wasan bana?

Da muka tsaya, na ga Kumbo ta juya mini baya tana goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Hajo ce. Wallahi Hajo ce ta yi magana." Matan maƙwabta kuwa sun riga sun cika bakin ƙofa.

Ranar Litinin na shiga aji na ajiye salula a kan tebur na kunna. Ki ga idanu! Madam Silans ce ke waƙa, da turmi! Sai aji ya fashe, ana buga tebur, ana ihu, har Direkta, shugaban lakkol, ya taho da gudu yana zaton faɗa ake. Ya tsaya a ƙofa ya ji ta har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce a tura masa a tasa salular. Na sa su tashi biyu-biyu suna fuskantar juna, kowa ya ɗaga hannun dama ya ga inda na ɗan'uwansa yake. Nan take suka gane abin da na kasa faɗa musu shekara guda. Kafin la'asar waƙar ta bar lakkol, kafin ranar kasuwa ƴan kabu-kabu sun raba ta gari-gari. In na wuce, masu shayi su ce, "Madam, dama ke aika wa huhu!" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai in ce musu, hagu fa?

Amma Zali shiru. Kwana huɗu, kwana biyar. Kullum da yamma hadari na haɗuwa a gabas, manoma na murna, ni ina ta duban hanya. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba, kuma ban roƙa ba, amma na kusa.

Ranar Talata ta sama, ina tsakiyar darasi, na juya ina rubutu a allo, sai na ji ana buga ƙyauren aji da tafin hannu, bugu irin na lugude. Murya ta taso daga waje:

Madam ɗiyar Arawa, na ji kira,
Ashe kina da murya kika ɓoye a jaka!
Dama ke aika wa huhu, na riƙe,
Hagu ke raba wa jiki, na riƙe.
Amma ke da kika zana mutum a allo,
Yaushe kika ce mana kallonmu yake?
Ki biya Fulani tarar ɓatan hanya,
Ƙwaryar gero da ban haƙuri!

Tana tsaye a ƙofa da ƙurar hanya har gwiwa, littafinta a hammata, ba ta sauke ido ba. Ɗaliba ba ta isa ta faɗa wa malamarta haka ba. Amma ɗiyar Fulani ta isa ta faɗa wa ɗiyar Arawa, kowa a ajin ya san wannan. Na ajiye alli na ce, gaban kowa, Fulani sun ci wasan bana, laifina ne, ta yafe mini. Ajin nan kamar zai tsage. Ta wuce ta zauna a wurinta. Kwana biyu bayan haka ruwan shuka ya sauka, iyayenta suka kaɗa shanu suka yi arewa ba da ita ba. Ƙwaryar geron ma na biya, Kumbo ta tsaya sai da ta ga an cika ta har baki.

Sauran kwanakin kuwa, ajin Madam Silans ya zama abin da ba ki taɓa zato ba. Duk darasin da ya gagara, a nemo waƙar da ke tashe a cire mata soyayya a zuba mata ilimi. Numfashi, ƙoda, yadda ganye ke dafa abincinsa da hasken rana. Sharaɗina ɗaya ne: ba baitin da zai fita daga aji sai na ji shi da kunnena, mun gwada shi da littafi. Ranar jarrabawa ina can nesa bakin katanga, don ba a bari mu matso, amma ta taga na hango ƙafafu na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, na ce Allah ya sa baitin gyara ne.

To ga albishir ɗinki. Yau da hantsi aka tara mu a filin lakkol ana kiran sunayen waɗanda suka ci. Ana kira, ana ihu, ni ina kasa kunne ina jiran na Zali, don sunanta can ƙarshe yake. Sai na ji an ce Zalihatu. Inna, ta ci! Zali ta ci! Uwarta na can daji da shanu, babu mai yi mata guɗa. Ban san lokacin da na kama hancina na rangaɗa ta ba, a tsakiyar fili, gaban Direkta da manyan baƙi da iyayen yara. Ban tsaya nan ba, na buɗe murya na yi mata kirari, irin wanda kika yi mini a bakin lakkol, kusan kalma da kalma, ashe yana nan ajiye a cikina. Wasu ƴan mata suka yi dariya. Zali ba ta ce in daina ba. Ta ratso mutane ta rungume ni tana kuka.

A nan na gane abin da na hana ki ranar nan, da abin da na hana kaina. Ki yafe mini, Innata. Ban taɓa faɗa miki ba kina raye, ina ta jiran ranar da zai yi sauƙi a baki, har kika tafi. Ba ki ba ni kunya ba. Ni ce ban san damata da haguna ba.

Turminki na kawo shi Dogon Dutsi, yana tsakar gidana, jikarki Hajo ƙarama ta fara koyon lugude, jiya ta kusa fasa mini goshi. Na riƙe hannunta na faɗa mata abin da kika faɗa mini.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya mana rayuwa. Duk yaron da ya amfana da waɗannan waƙoƙi, Allah ya kai ladan gare ki. Ya raya Zali, ya ƙara wa Kumbo lafiya, ya sada mu da ke a gidan Aljanna. Amin.

Ɗiyarki da ta daina jin kunya,
Rabi, ɗiyar mai waƙar turmi.